Muhawara: Shin ya dace ɗalibin sakandare ya ajiye ɗaya daga cikin manyan darussan kimiyya uku?

Uwar_Ɗalibai:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar malamai da iyayen da ke wannan zaure. 'Yata tana da shekara 15, kuma makarantarsu ta aiko da takardar zaɓen darussan da za ta ci gaba da su har zuwa jarrabawar kammala sakandare. Bayan harshe da lissafi waɗanda suke dole, an ce ta ɗauki aƙalla biyu daga cikin bayoloji da kemistiri da fiziks, sannan ta cike gurbin da ya rage da ilimin aikin gona, ko ilimin kwamfuta, ko labarin ƙasa, ko lissafi mai zurfi. Ita tana son bayoloji ƙwarai, tana iya ƙoƙarinta a kemistiri, amma ta ce fiziks ba ya shiga kanta, don haka tana so ta ajiye shi ta ɗauki ilimin aikin gona a madadinsa. Mahaifinta yana ganin a bar ta da abin da ranta yake so, ni kuwa ina tsoron kada ta rufe wa kanta ƙofar da za ta buƙata nan gaba. Shin ya dace a bar yaro mai waɗannan shekaru ya yanke irin wannan hukunci da kansa?

Malamin_Fiziks:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Ina koyar da wannan darasi, kuma abin da na lura da shi shi ne, mafi yawan yaran da suke cewa fiziks ba ya shiga kansu, idan aka zauna da su aka bi aikinsu layi bayan layi, sai a ga sun fahimci bayanin, a wajen juya lissafin suke tuntuɓe. Yaro zai gaya maka daidai cewa gudu shi ne nisa a raba da lokaci, amma da zarar an ba shi gudu da nisa aka ce ya nemo lokaci, sai ya tsaya cak, domin bai iya ɗauke harafi daga wannan ɓangare na ƙa'ida zuwa wancan ba. Wannan giɓi ne na aljabara da aka baro tun ƙaramar sakandare, kuma ana iya cike shi cikin zangon karatu ɗaya idan aka dage. Shawarata ita ce, kafin ku sa hannu a takardar, ki karɓi takardun gwajinta na fiziks ki duba inda take rasa maki. Idan a tambayoyin bayani take ci, a tambayoyin lissafi take faɗi, to ajiye darasin ba zai magance komai ba, domin matsalar za ta bi ta har cikin kemistiri.

Ma'aikaciyar_Jinya:
Hajiya ba ki faɗi tsarin da 'yarki take karatu a cikinsa ba, amma idan jarrabawar WAEC ko NECO za ta rubuta, sannan ta nemi jami'a ta hanyar JAMB, to ina roƙonki kada ki bari ta ajiye fiziks. Wanda zai karanta likitanci, ko aikin jinya, ko haɗa magunguna, darussa huɗu yake rubutawa a jarrabawar shiga jami'a, wato Turanci da bayoloji da kemistiri da fiziks, kuma ana neman kiredit a dukkansu tare da lissafi a sakamakon sakandare. Kiredit kuwa yana farawa ne daga C6 zuwa sama. Yarinyar da take son bayoloji, mafi kusa shi ne wata rana ta nufi ɗaya daga cikin waɗannan fannoni, kuma a ranar za a tambaye ta fiziks. Na san waɗanda suka gama sakandare da sakamako mai kyau, amma sai da suka koma suka sake zama jarrabawa a matsayin masu zaman kansu saboda wannan darasi guda.

Abu_Hanan:
Ina girmama maganar malam da ta 'yar'uwa ma'aikaciyar jinya, amma ina tare da mahaifin yarinyar. Muna yawan magana kamar duk yaron da ya shiga ajin kimiyya likita zai zama ko injiniya, alhali guraben waɗannan kwasa-kwasai kaɗan ne idan aka kwatanta da masu nemansu. Idan aka tilasta wa yarinya darasin da take tsoro, lokacin da ya kamata ta ba bayoloji da kemistiri shi za ta ƙarar wajen fama da fiziks, a ƙarshe ta fito da sakamako tsaka-tsaki a duka ukun. Ni a ganina gara ta fito da maki mai ƙarfi a darussa biyu da kuma aikin gona, ta shiga fannin da za ta yi fice a cikinsa. Mai shekara 15 ba jariri ba ne, kuma wanda aka ba shi dama ya zaɓa yakan riƙe zaɓinsa da hannu biyu.

Ummu_Sadiq:
Malam Abu_Hanan, tambayar ita ce, shin yarinyar ta san abin da za ta rasa kafin ta zaɓa? Idan an zaunar da ita an nuna mata jerin kwasa-kwasan da ba za ta iya nema ba, ta ce ta ji ta gani, to wannan zaɓi ne. Idan kuwa tsoron malami ko tsoron jarrabawar zangon da ya wuce ne ya sa ta faɗi haka, ba za a kira shi zaɓi ba.

Malama_Mai_Kemistiri:
Ina so in ƙarfafa abin da Malamin_Fiziks ya faɗa game da lissafi, domin iyaye da yawa suna ɗauka kemistiri haddar sunayen sinadarai ne kawai. A shekarar farko haka yake kama, saboda ana koyon jadawalin sinadarai wanda Mendeleev ya tsara a 1869, da alamominsu, da yadda suke haɗuwa. Amma da an iso babin mol, wato ma'aunin yawan ƙwayoyin sinadari, labari yakan canza. Dole ɗalibi ya gane cewa giram 18 na ruwa da giram 58.5 na gishiri kowannensu mol ɗaya ne, ya iya lissafa nawa ne zai fito idan aka haɗa wannan adadi da wancan, ya iya daidaita ɓangarori biyu na ƙa'idar haɗuwa. Daga nan a shiga dokokin iskar gas, inda ake juya matsi da girma da zafi daidai yadda ake yi a fiziks, daga baya kuma ma'aunin pH na ƙarfin tsami ya zo da wani nau'in lissafi mai suna logaridim. Saboda haka yarinyar da ta gudu daga fiziks saboda lissafi za ta tarar da shi yana jiranta a ajina, kuma a lokacin ba ta da darasi na biyu da zai riƙa ba ta atisaye a kai. Ɗaliban da suke ɗaukar darussan biyu tare su ne suka fi saurin kama waɗannan babuka a wajena.

Mazaunin_Ingila:
Wataƙila zai amfane mu mu ga yadda wasu suka warware wannan matsala. A Ingila ba a barin yaro ya ajiye ɗaya daga cikin ukun kafin shekara 16. Abin da ake zaɓa shi ne zurfi. Akwai kimiyya haɗaɗɗiya, inda ake karanta bayoloji da kemistiri da fiziks tare a samu sakamako biyu a GCSE, jarrabawar da ake rubutawa a shekara 16, akwai kuma tsarin da ake karanta kowanne daban a samu sakamako uku. Sai bayan wannan jarrabawa ne ɗalibi yake taƙaita karatunsa zuwa darussa uku galibi a matakin da ke kai shi jami'a. A nan kuma abin lura shi ne, makarantun likitanci a Ingila sun fi nanata kemistiri da bayoloji, yawancinsu ba sa sharɗanta fiziks a wannan mataki na ƙarshe. Ke nan abin da 'yar'uwa ma'aikaciyar jinya ta faɗa gaskiya ne a tsarin da ta ambata, amma ba haka yake a ko'ina ba, kuma wajibi ne Hajiya ta duba sharuɗɗan jami'o'in da 'yarta za ta iya nema.

Ɗan_Seri_D:
Mu da muka yi karatu a tsarin Faransanci ba mu san zaɓen darasi ɗaya-ɗaya ba. A Nijar, bayan jarrabawar BEPC ta kammala ƙaramar sakandare, ana tura ɗalibi seri A ta adabi, ko seri C mai nauyin lissafi da fiziks, ko seri D mai nauyin kimiyyar halittu, kuma ko a seri D ɗin ba a kuɓuta daga lissafi da fiziks da kemistiri, nauyin makinsu ne kawai ya bambanta. Faransa kanta ta rushe irin wannan rabo a gyaran da ta fara a 2019, ta ba ɗalibai damar zaɓen darussan ƙwarewa uku a aji na kusa da ƙarshe, su rage zuwa biyu a ajin ƙarshe. Abin da ya biyo baya darasi ne ga wannan muhawara tamu. Da lissafi ya zama na ganin dama, ɗalibai da yawa suka ajiye shi, musamman mata, ƙungiyoyin malaman lissafi suka yi ta ƙorafi, har gwamnati ta dawo da shi dole a 2023 ga waɗanda ba su zaɓe shi a matsayin darasin ƙwarewa ba. Idan aka ba matashi damar ajiye abu mai wuya, yawanci zai ajiye, kuma ba laifinsa ba ne, shekarunsa ne.

Abu_Hanan:
Misalin Faransa a kan lissafi yake, kuma ban ce a ajiye lissafi ba. A kan fiziks nake magana, kuma Mazaunin_Ingila ya nuna mana cewa akwai ƙasar da ake zama likita ba tare da an kai shi matakin ƙarshe ba.

Injiniya_B:
Ina ganin wani ɓangare na laifin yana kan yadda ake jera darussan. A Amurka an saba fara bayoloji a shekarar farko ta babbar sakandare, kemistiri a ta biyu, fiziks a ta uku, kuma ɗalibai da yawa ba sa kaiwa ga na ukun. Leon Lederman, wanda ya samu kyautar Nobel a fiziks a 1988, ya daɗe yana kira a juya wannan jeri a fara da fiziks. Hujjarsa ita ce kemistiri yana tsaye ne a kan fahimtar makamashi da cajin lantarki da ƙwayar zarra, bayolojin zamani kuma yana tsaye a kan kemistiri, don haka an ɗora ginin ne daga rufi zuwa tushe. Masu sukarsa suna cewa yaro mai shekara 14 bai samu lissafin da zai ɗauki fiziks ba tukuna, magoya bayansa kuma suna cewa a koyar da shi ta hanyar gwaji da fahimta, lissafin ya biyo baya. Ko ba mu yarda da shi gaba ɗaya ba, maganarsa ta nuna cewa wanda ya cire fiziks ya cire abin da sauran biyun suke jingina da shi.

Malamin_Bayoloji:
Injiniya, na yarda da rabin maganarka. Gaskiya ne ba za a fahimci yadda jijiya take aika saƙo ba sai an san wani abu game da caji, haka kuma aikin ido da hawan jini da yadda ruwa yake hawa cikin bishiya duk suna komawa ga fiziks. Amma ba na jin daɗin yadda ake ɗaukar bayoloji a matsayin darasin masu gudun wahala, wanda hadda kawai yake buƙata. Mendel ya kai ga dokokin gado ne ta hanyar ƙirga tsirrai dubbai tsara bayan tsara, har ya ga kason uku bisa ɗaya yana maimaituwa a siffofin da tsirran suke gada, ya wallafa aikinsa a 1866. Ɗalibin da ya gane wannan zai iya zana akwati mai gida huɗu ya nuna wa kowa dalilin da ya sa, idan uwa da uba duka AS ne, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, kuma haihuwar mai sikila sau ɗaya ba ta rage wannan yiwuwar a ciki na gaba. Wannan tunani ne na lissafin yiwuwa, kuma ilimi ne da zai amfani mutum ko bai taɓa shiga jami'a ba. Idan 'yar Hajiya tana son bayoloji saboda irin waɗannan tambayoyi, to tana da ƙwaƙwalwar kimiyya, kuma ina kyautata zaton za ta iya fiziks. Idan kuwa tana son sa ne don tana iya haddace sassan fure ta ci maki, to soyayyar ba za ta wuce shekarar farko ta jami'a ba.

Uwar_Ɗalibai:
Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Na bi shawarar Malamin_Fiziks na duba takardunta. A lissafi tana tsakiyar aji, ba ta cikin na gaba kuma ba ta cikin na baya. A fiziks kuwa, tambayoyin da aka ce ta bayyana ma'anar abu ta amsa su daidai, amma waɗanda suke buƙatar lissafi ta bar wasu ko taɓawa ba ta yi ba. Da na tambaye ta, sai ta ce ba ta san wace ƙa'ida za ta ɗauko ba idan ta ga tambaya. Ta kuma gaya mini cewa tun da suka fara darasin ba a taɓa kai su ɗakin gwaje-gwaje ba, a allo ake zana musu kayan aikin su kwafa.

Malamin_Fiziks:
Hajiya, wannan bayani na ƙarshe ya fi komai muhimmanci. Yarinyar ba ta ga fiziks ba tukuna, labarinsa aka ba ta, kuma gani ya kori ji. Akwai gwajin da za ku iya yi ba tare da ɗakin gwaje-gwaje ba. Ku ɗaure ƙaramin dunƙulen ƙarfe a zare mai tsawon mita ɗaya, ku rataye shi inda ba zai taɓa bango ba, ta ja shi gefe kaɗan ta saki, ta ƙirga zuwa da dawowa 20 tana duba agogon waya. Za ta samu kimanin daƙiƙa 40, wato daƙiƙa 2 ga kowane zuwa da dawowa. Sai ta rage zaren zuwa santimita 25 ta sake, za ta ga lokacin ya koma rabi, alhali tsawon ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Sannan ta canza ƙarfen da wanda ya fi shi nauyi, ta ga lokacin bai canza ba. A nan ne yara suke ɗago kai su tambayi dalili. Daga waɗannan alƙaluma nata za ta iya fitar da hanzarin faɗuwar abu zuwa ƙasa, ta samu adadi kusa da 9.8, wanda ta saba gani a littafi ba tare da ta san daga ina ya fito ba. Game da rashin sanin ƙa'idar da za ta ɗauko, ki sa ta saba da rubuta abin da aka bayar da abin da ake nema a gefe, kowanne da ma'auninsa, kafin ta fara tunanin ƙa'ida. Yawanci da ta jera su ƙa'idar za ta bayyana da kanta.

Malama_Mai_Kemistiri:
Gwajin malam ba shi da haɗari, amma ina jan hankalin iyaye kada a ɗauka kowane gwaji ne ake yi a gida. Abin da ya shafi asid mai ƙarfi ko dumama sinadari sai a gaban malami, da tabarau na kariya. Ko gwajin nan na ganye da ake yi a bayoloji, wanda ake cire korensa da sifirit a ɗiga aidin a ga ya koma baƙi-baƙi mai shuɗi, a cikin ruwan zafi ake ɗora sifirit ɗin nesa da wuta, domin yana kamawa nan take. Abin da ya kamata iyaye su yi shi ne su tambayi makaranta tun kafin zaɓe, sau nawa ake shiga ɗakin gwaje-gwaje a zango, kuma ɗalibai nawa ne suke raba kayan aiki ɗaya. Jarrabawar ƙarshe tana da takardar gwaji ta hannu, kuma ɗalibin da bai taɓa ɗiga asid ɗigo-ɗigo yana jiran launi ya juya ba sai a makon jarrabawa, hannunsa rawa yake yi ya zarce ma'auni.

Manomin_Zamani:
Na ga ana ta magana kamar ilimin aikin gona wurin fakewa ne ga wanda ya kasa, kuma wannan bai yi mini daɗi ba. Wanda ya karanta shi da gaske ya san akwai kemistirin ƙasa a ciki, da tsamin ta da sinadaran da tsiro yake buƙata, akwai ilimin gado wajen inganta iri da dabbobi, akwai lissafin ban ruwa da na injuna. Takin zamani da ake ciyar da duniya da shi ya samo asali ne daga hanyar da Fritz Haber ya gano ta haɗa amoniya daga iskar naitirojin a 1909, Carl Bosch kuma ya mayar da ita aikin masana'anta a 1913. Yarinyar da take son halittu, idan ta bi wannan hanya, tana iya zama mai binciken iri ko cututtukan tsirrai, kuma duniya tana buƙatar waɗannan kamar yadda take buƙatar likitoci.

Ma'aikaciyar_Jinya:
Malam Manomin_Zamani, babu wanda ya raina fanninka. Abin da nake nufi shi ne, wanda ya riƙe bayoloji da kemistiri da fiziks yana iya neman kwas ɗin aikin gona a jami'a ba tare da matsala ba, amma wanda ya musanya fiziks da aikin gona ba zai iya juyowa ya nemi jinya ko likitanci a tsarin da na ambata ba. Hanya ɗaya tana kaiwa wurare biyu, ɗayar tana kaiwa wuri ɗaya. Idan jadawalin makarantar ya ba da dama, ta ɗauki ukun ta ƙara da aikin gona a gurbin da ya rage.

Ɗalibin_Kwamfuta:
Ina shekara ta biyu a jami'a ina karanta kimiyyar kwamfuta, kuma ina so in yi magana a kan gurbin da ya rage, domin ba a taɓa shi sosai ba. Yawancin abokaina sun zaci darasin kwamfuta na sakandare ne zai shirya su, amma abin da muka tarar a shekarar farko shi ne lissafi da fiziks, da kalkulas da lissafin hujja. Waɗanda suka yi lissafi mai zurfi a sakandare sun riga sun ga bambantawa da haɗewa, wato manyan sassa biyu na kalkulas, don haka suna bita ne yayin da sauran suke koyo daga farko a cikin aji mai cunkoso. Rubuta manhaja ana iya koyonsa a intanet lokacin hutu, amma lissafi mai zurfi yana da wuya mutum ya koya shi kaɗai. Duk wanda yake tunanin injiniyanci ko kwamfuta, ina ba shi shawara ya ba wannan darasi gurbin.

Injiniya_B:
Ɗalibin_Kwamfuta ya faɗi gaskiya game da masu nufin fanninmu, amma ba zan ba 'yar Hajiya wannan shawara ba. Yarinyar da take tsakiyar aji a lissafi, kuma take fama da juya ƙa'ida, idan aka ɗora mata lissafi mai zurfi a kan fiziks, kayan sun yi mata yawa. A nan ina ganin Malam Abu_Hanan yana da hujja game da nauyi.

Hajiya_Mai_Ritaya:
Na koyar a makarantar 'yan mata kafin in yi ritaya, kuma akwai abin da nake so iyaye mata su kula da shi. Sau da yawa yarinya takan ji daga yayyenta ko ƙawayenta cewa fiziks na maza ne, ko kuma na masu baiwa ta musamman, tun kafin ta buɗe littafin. Sai ka ga namiji ya samu maki 50 ya ce ya iya, mace ta samu maki 60 ta ce ba ta iya ba. Abin da Ɗan_Seri_D ya kawo na raguwar mata a lissafi bayan an mayar da shi na zaɓi bai ba ni mamaki ba ko kaɗan. Marie Curie ta karɓi kyautar Nobel a fiziks a 1903, ta sake karɓa a kemistiri a 1911, kuma ya kamata 'yan matanmu su san wannan tun suna ƙanana. 'Yata, ki tambayi yarinyar ko akwai wanda ya gaya mata cewa darasin ya fi ƙarfinta, kuma ki lura da ƙawayenta, domin a wannan shekaru yara sukan zaɓi darasi ne a ƙungiyance don kada a raba su aji.

Abu_Hanan:
Hajiya_Mai_Ritaya ta kawo magana mai nauyi, kuma na yarda a bincika wannan. Sai dai har yanzu ina ganin muna tsorata iyaye fiye da kima da zancen rufe ƙofa. Francis Crick fiziks ya karanta, sai da ya haura shekara 30 ya koma nazarin halittu, kuma shi ne da James Watson suka bayyana siffar DNA, sinadarin da yake ɗauke da bayanan gado, a 1953. Mutum yana iya canza hanya a kowane lokaci idan yana da himma.

Malamin_Bayoloji:
Malam Abu_Hanan, ka duba alkiblar da Crick ya bi. Daga fiziks ya taho bayoloji, kuma fiziks ɗin ne ya ba shi damar fahimtar hotunan da Rosalind Franklin da abokan aikinta suka ɗauka da hasken eksire. Irin wannan ƙaura tana da yawa a tarihin kimiyya, amma komawa daga bayoloji zuwa fiziks bayan an girma ta fi wuya sosai, saboda lissafin da fiziks yake buƙata hawa-hawa ake gina shi, kuma wanda ya tsallake matakan farko yakan sha wahala kafin ya cim ma sauran. Ina faɗin haka ne a matsayina na mai koyar da bayoloji da yake son ɗalibansa su yi nisa a cikinsa.

Mai_Ba_Da_Shawara:
Aikina a makaranta shi ne zama da ɗalibai a kan irin wannan zaɓi, kuma abin da nake fara tambaya shi ne ko hukuncin yana da hanyar komawa. A makarantu da yawa ana iya ajiye darasi bayan zango ɗaya ko shekara ɗaya, kafin a yi rajistar jarrabawar ƙarshe, amma ba a yarda a ɗauki sabo a tsakiyar hanya, saboda ɗalibin ya riga ya rasa tushe. Idan haka tsarin makarantar 'yarki yake, Hajiya, to ku yi yarjejeniya da ita a fili. Ta riƙe fiziks na shekara ɗaya, a samar mata taimako a aljabara, ku nemi makaranta ta shigar da su ɗakin gwaje-gwaje, sannan a ƙarshen shekara ku zauna ku uku da mahaifinta ku duba sakamako, kuma ku cika alkawari idan ta ce har yanzu ba ta so. Yaro yakan yi ƙoƙari na gaskiya idan ya san ƙofar fita a buɗe take. Idan kuwa makarantar ba ta yarda da canji bayan an sa hannu, to maganar ta fi nauyi, kuma ya kamata ita yarinyar da kanta ta karanta sharuɗɗan shiga kwasa-kwasai biyar ko shida da take sha'awa kafin ranar mayar da takarda.

Ummu_Sadiq:
Wannan shawara tana da kyau ga wanda yake da halin samun mai koyarwa na musamman. Amma akwai iyayen da ba su da wannan hali, kuma makarantar 'ya'yansu ba ta da malamin fiziks tsayayye, balle kayan gwaji. Shin irin wannan yaro ma za a ce ya riƙe darasin na shekara guda, alhali babu abin da zai canza a cikin shekarar? Ina so malaman da ke nan su amsa wannan, domin ɗana yana aji ɗaya a bayan 'yar Hajiya, kuma halin da makarantarsu take ciki ke nan.

Malamin_Fiziks:
Malama Ummu_Sadiq, tambayarki tana da wuya, kuma ba zan ce miki rashin malami ƙaramin abu ba ne. Babin motsi da na ƙarfi da na zafi yaro mai himma yana iya bin su da littafi da tsofaffin tambayoyin jarrabawa, musamman idan ya samu abokai biyu ko uku suna warwarewa tare, kuma jami'ar Colorado tana da gwaje-gwajen kwaikwayo na PhET kyauta a intanet, waɗanda suke nuna da'irar lantarki da madubi da igiyar ruwa suna aiki. Amma babin lantarki da na haske suna buƙatar ya riƙe waya da batir da gilashin da hannunsa kafin jarrabawar gwaji. Tun da ɗanki yana da sauran shekara guda, ki fara tambayar shugaban makarantar ko suna da shirin kai ɗalibai wata makaranta mai ɗakin gwaje-gwaje, kuma ki gaya mana wane fanni yaron yake karkata gare shi, domin amsar mai son injiniyanci ba za ta zama ɗaya da ta mai son ilimin halittu ba.